Sanda Jirge Biyu: Tsakanin Baba da Babba

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ƙa'idojin rubutu ya san ninka harafi ba ado ba ne. Tsakanin baba da babba harafi ɗaya ne tak, amma wanda ya yar da shi ya sauya magana. Sai dai ba kowane ninki aka riƙe ba. Bayan taron Bamako na 1966 an yi ta ninka dogon wasali a rubutun Hausar Nijar, har taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bari.

Irin wannan matsala ce ta iske wani saurayi a shagonsa na Kawaji, inda yake buga wa ɗalibai kundin digiri. Kwamfuta tana gane mazaunin fayil ne ta adireshi, wato sunan jaka bayan sunan jaka, sanda jirge tana raba su. Da ya lura sandar takan zo biyu a jere, sai ya rubuta 'yar manhaja mai mayar da kowace biyu ɗaya, wai don tsabta. Ran da wata ɗaliba ta zo karɓar kundinta, ana jibi za ta kare shi, inji ya ce babu shi.

Ashe kundin yana nan lafiya lau a ɗaya kwamfutar shagon. A tsarin Windows, sanda biyu a farkon adireshi umarni ne na a ƙetara zuwa wani inji. Da aka share ɗaya, sai na gabansa ya tsaya yana lalube a cikin kansa. Ƙa'idar POSIX, wadda ta fara fita a 1988 domin Unix da danginsa, ta bambanta wuraren nan sarai. Sanduna a jere a tsakiyar adireshi daidai suke da guda, amma biyu cif a farko an bar wa kowane tsari ya ba su ma'anar da ya zaɓa. Abin dariya, uku a farko kuma guda ne.

To, hukuncin da ya fi dacewa shi ne manhaja ta dubi gurbi kafin ta taɓa ninki: ta haɗe na tsakiya in ta ga dama, ta ƙyale na farko. Adireshin intanet kuwa kada ta kusance shi, ko da yake Tim Berners-Lee da kansa ya faɗa a 2009 cewa sanda biyun nan na bayan http ba su zama dole ba tun asali. Saurayin ya mayar da sandar da aka share bayan sallar isha'i, kundin ya buɗe.