Abin da dutsen Kamaru bai koya mini ba

Ina zaune a Buea lokacin da dutsen Kamaru ya yi aman wuta a ƙarshen Maris 1999. Narkakken dutse ya gangaro ya cinye gonakin kwakwar manja, a watan Afrilu ya tare hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili. Na je na gani da idona. Tudu ne baƙi ƙirin yana matsowa a hankali, duwatsu na zubowa daga gabansa, jan wuta na leƙowa ta tsagogi. Zafi na dukan fuska, amma jama'a na tsaye suna kallo, don ko tsoho mai sanda zai tsere masa.

Masana sun ba da dalili. Irin wannan dutse, basal, idan ya narke tsinkewa yake yi kamar kunu, iskar gas ɗin cikinsa na fita ba tare da ta tarwatsa shi ba. Da wannan sanin na zauna shekaru, hankalina kwance.

Ranar 3 ga Yuni 2018 dutsen Fuego na ƙasar Gwatamala, wanda amansa dangin basal ne, ya tashi. Na kalli bidiyon a waya: mutane a bakin gada suna ɗaukar hoton wani gajimare mai launin toka da ke gangarowa ta kwazazzabon Las Lajas. Jikina ya yi sanyi, don na san wannan tsayuwar, ni ma na yi ta. Gajimaren ya cika kwazazzabon ya tumbatsa, ya binne ƙauyen San Miguel Los Lotes. Mutum kusan 200 aka tabbatar sun rasu, ban da waɗanda ba a gano ba.

Abin da ya kashe su guguwar toka ce mai zafi. Tsakuwa da toka masu wuta kan taru a kan gangare mai tsini, nauyi ya yi yawa, tarin ya zabtare. Ko kuwa tokar da ta yi sama ta rasa ƙarfin tashi ta rikito ƙasa. Duwatsun na farfashewa suna sakin gas, iskar da suka haɗiye ta yi zafi ta kumbura, sai komai ya kwararo da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa, zafinsa ɗaruruwan digiri. Shaƙa ɗaya ta isa ta ƙona huhu. Haɗuwar narkakken dutse da ruwa ma na haifar da irin wannan guguwa, kamar yadda ya faru a Kilauea ta Hawai a 1790.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mutanen Los Lotes ba wawaye ba ne, sun dai saba da dutsen da kullum yake tari bai taɓa su ba, kuma gargaɗi bai iso su da wuri ba.

'Yan uwana da ke zaune a gindin dutsen Kamaru, in hukuma ta ce a tashi, don Allah ku tashi, kuma ku nisanci kwazazzabai.