Duna Ya Rasa Daji

Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, mun baro gona da rumbu, amma Duna bai yarda an baro shi ba. Amalankenmu ya biyo har cikin garin Sabon Birni.

Duna karen farautar Kawu ne, siriri mai dogayen ƙafafu. Yana kama da karnukan Buzaye da Turawa ke kira Azawak, sunan wani kwari da ya ratsa Nijar da Mali. A ƙauye, da rani yana bin Kawu daji ya kamo zomo, da damina kuma ya kori birai daga gona.

A gari babu farauta, domin daji ya fi ƙarfin mafarauta. Sai muka ɗaure shi a turke a gidan da muka kama haya, muna zuba masa sauran tuwo. A ganinmu mun gama masa komai.

Ba a yi wata guda ba ya sauya. Ya kwana yana kuka, ya tone gindin katanga, ya rame. Ranar da ya tsinke igiya ya kashe kajin maƙwabta biyu, aka ce haukan kare ya kama shi, a kashe shi.

Kawu ya miƙa masa ruwa, ya sha, ya kira sunansa, ya kaɗa wutsiya. Sai ya ce da mu, “Wanga kare ba hauka shikai ba, aiki ya rasa. Ku da kun ka ɗaure shi, ku za ku kwance shi.” Duk da haka ya biya kuɗin kajin, ya kai shi wurin likitan dabbobi. Likita ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafi, domin ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani.

Daga ranar muka raba aiki. Bayan sallar asuba, kafin makaranta, ɗayanmu ya kai shi fili ya yi gudu har ya gaji. Da la'asar mu ɓoye ƙashi a cikin yashi ya nemo da hanci. Muka mayar da turkensa inuwa, muna cire masa kaska, kaskonsa kuma ba ya rabuwa da ruwa. Cikin mako biyu kukan dare ya ragu.

Mun san abokanmu da yawa na sha'awar ɗauko ɗan kwikwiyo daga hannun mafarauta ko makiyaya. Kafin ku ɗauko, ku tambayi kanku: wa zai fita da shi kullum? Karen da ya gaji aiki, tuwo kaɗai ba ya riƙe shi.

Har yanzu in muka kai shi fili, yakan tsaya ya daɗe yana kallon hanyar ƙauye. Ba ma jan igiyarsa, don mu ma can muke kallo.