Ihu Bayan Hari: Abin da Bangui Ta Koya Mana



Duk sa'ad da labarin kisan ƙare dangi ya taso daga wata ƙasa, tambaya ɗaya ake yi a majalisunmu na Nkembo: ina Majalisar Ɗinkin Duniya? Mu da aikinmu shi ne rubuta wa dattijon al'umma wasiƙu da adana takardun jama'a mun sha jin ta. Kafin a sake yin ta, ya dace mu waiwayi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, domin a garin nan namu aka ƙulla wani sashe na labarinta.

A watan Janairun 2013, nan Libreville, mazaunin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, Shugaba Bozize da 'yan tawayen Seleka suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu. Ba a cika wata uku ba, ranar 24 ga Maris, Seleka ta ƙwace Bangui. Mayaƙanta, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, sun kashe mutane, sun wawashe dukiya, sun ƙona ƙauyuka. Wannan gaskiya ce, faɗarta kuwa wajibi ne. Daga nan 'yan Anti-balaka suka tashi ramuwa, amma fushinsu sai ya sauka a kan ɗan tireda da makiyayi da mai sayen lu'ulu'u: Hausawa da Fulani da sauran Musulmi, da yawansu a can aka binne cibiyarsu.

An yi kira kuwa. A watan Nuwamban shekarar, ministan harkokin wajen Faransa ya ce ƙasar tana gab da faɗawa kisan ƙare dangi. Ranar 5 ga Disamba Kwamitin Sulhu ya ba sojojin Faransa da na Tarayyar Afirka izinin shiga tsakani, har da dakarun ƙasarmu Gabon a cikinsu. A ranar ce kuma aka far wa Bangui, aka kashe ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu. Rundunar Majalisar kanta sai a watan Afrilun 2014 aka amince da kafa ta, ba ta karɓi aiki ba sai tsakiyar Satumba.

Sojojin nan sun ceci rayuka, ba mai musun haka. Sai dai sau da yawa cetonsu rakiya ce zuwa gudun hijira. A ƙarshen Afrilun 2014 an loda Musulmi kimanin 1,300 na unguwar PK12 cikin manyan motoci, aka yi arewa da su. Shekara guda bayan haka jakadiyar Amurka a Majalisar ta ce cikin masallatai 436 na ƙasar an rusa 417. Kwamitin binciken Majalisar ya ce an yi korar al'umma daga mazauninta, amma bai sami hujjar niyyar ƙare dangi ba. Kafin masana su gama auna kalma, unguwanni sun zama kufai.

To, wa ya riga soja isowa? Maƙwabci. A garin Bossemptele, Fada Bernard Kinvi ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan da yake kula da shi. A Bangui, babban limamin Katolika Nzapalainga ya saukar da Imam Umar Kobine Layama a gidansa wata da watanni. Su biyun, tare da Fasto Guerekoyame, suka ratsa Turai da Amurka suna roƙon a turo dakarun kiyaye zaman lafiya. An saurare su ne domin kowannensu yana neman a kare jinin mabiyan ɗan'uwansa.

Abin da muka tsinta ke nan. Kiran duniya halal ne, wani lokaci ma tilas, amma lokacinsa shi ne ranar da aka fara zalunci, ko da wanda aka zalunta ba namu ba ne, ko da azzalumin sunansa irin namu. Al'ummar da ta yi shiru ana ƙona ƙauyen wani, ranar da ta buɗe baki za a ce kanta take wa kuka.

Mu nan 'yan tsiraru ne, muna kuma zaune lafiya, alhamdu lillahi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan namu shi ne zuwa gaisuwar mutuwa gidan Bafange ko Bapune, da kai musu naman layya, da riƙe amana a kasuwar Nkembo, da kwaɓar yaranmu idan suka ɗauko kalaman ƙiyayya daga waya suna yaɗawa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu yakan ɗauki watanni kafin ya zama soja a bakin titi. Ƙofar maƙwabci taku goma ce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Musulminsu Ya gafarta musu, Ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.