Ranar da kumfa ta cika kicin

A Damagaram na girma, garin da ake lissafin ruwa kamar kuɗi. Famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai dai a zuba ido ga mai garuwa. Shi ya sa da na je birnin Liyon na Faransa taya ɗiyata ta fari zaman jego, na tarar da wani akwati a kicin wai shi ke wanke kwanuka, sai na ce a raina: ga ragwanci, ga ɓarnar ruwa.

Mako guda ban taɓa shi ba. Da hannu nake wanke komai, ga ciwon baya. Ran nan jaririn ya hana uwarsa barci har asuba, na ce bari in huta ni ma. Tambaya kuwa ta yi mini nauyi. Ni da na koya mata riƙe soso, yau in ce ta koya mini wanke-wanke? Na cusa kwanuka wani kan wani, na haɗa da muciya da tukunyar dalma da ƙwaryar furar da na zo da ita daga gida, na tsiyaya sabulun ruwa na wanke hannu da kwano, na danna.

Ba a jima ba kumfa ta fara bulbulowa ta ƙasan ƙofar, ta malale daɓe. Da muka buɗe, ƙwaryar ta tsage, tukunyar ta yi duhu, tuwon jiya kuma yana nan manne a kwanuka. Ƙwaryar nan ta mahaifiyata ce.

Na jira faɗa, sai ta ɗauko tsumma ta durƙusa kusa da ni, ta ce, “Inna, laifina ne da ban nuna miki ba.” Maganar nan ta fi faɗa shiga jikina.

Bayan mun goge, ta buɗe mini cikinsa. Akwai wasu hannuwa masu huji da ke juyawa suna fesa ruwan zafi, ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin kwandon sama. Duk abin da ruwan bai kai gare shi ba, ba zai fita ba. Don haka ake tsayar da faranti a gefensu suna kallon tsakiya, a bar sarari tsakaninsu. Tukwane a ƙasa, a kife. Kofuna da robobi a sama, nesa da tsananin zafi. Wuƙa bakinta ƙasa. Kafin a rufe, a juya hannuwan a ga ko wani ludayi ya tare su. Ragowar abinci kankare shi ake yi a kwandon shara, ba sai an ɗauraye ba, amma tuwo da shinkafa kada a bari su bushe. Sabulunsa daban ne, marar kumfa, kuma yana da gishirinsa na hana farin dattin ruwa taruwa. Matatar da ke ƙasa a riƙa cirowa ana wankewa, in ba haka ba wari ya tashi. Kayan itace, duma da dalma kuwa, aikin hannu ne.

Abin da ya kashe mini baki shi ne ruwa. In an cika shi an zaɓi wankin tattali, lita 10 ko kusa da haka yake sha, bai kai rabin jarka mai lita 25 ba. Ni kuwa da nake sakin famfo yana zuba ina cuɗa kwano, ashe ni ce mai ɓarnar da nake zargi.

Kafin in komo gida, ni ke jera kayan kowane dare, ita tana shayar da yaro muna hira. Ƙwaryar na kawo ta Damagaram aka ɗinke mini. Ba ta riƙe fura kuma, amma tana rataye a ɗakina, in na dube ta nakan tuna da tambayar da na ƙi yi.