Tsibirin Fogo: Masu Kwana A Bakin Murhu

A fitowar nan za mu leƙa Cape Verde ne, ƙasar da take zaune tsakiyar teku, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal. Tsibirai goma ne, tara ake zaune a cikinsu, kuma dukkansu aman wutar duwatsu ne ya tofo su daga ƙarƙashin ruwa, ikon Allah. Turawan Fotugal ne suka mallake su har 1975.

Mota ba ta tsallake teku, don haka kowane tsibiri kika sauka sai kin nemi ta haya. In kuɗinki bai kai ba, ga Hiace nan irin tamu, ana cika ta fal kafin a tashi. A hannun dama suke tuƙi kamar mu. Mun fara da Santiyago, inda Praia babban birni yake. Tafiya kaɗan muka isa Cidade Velha, garin da aka kafa a 1462. A dandalinsa har yau akwai ginshiƙin dutsen da ake ɗaure bayi a yi musu bulala, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Wallahi babu wadda ta yi magana a motar har muka hau kwalta.

Daga Praia jirgin sama ya kai mu Fogo cikin kamar rabin awa. Fogo da harshensu wuta ke nan. Garin Sao Filipe muka sauka, mai tsofaffin gidajen bene, rairayin bakin tekunsa baƙi ƙirin kamar kwalli. Daga nan mota ta fara hawa, kwana bayan kwana. Wasu wuraren da ƙananan duwatsu aka jera hanyar, sai ki ji haƙoranki na haɗuwa. Shawarata, ki ɗauki direba ɗan gari, ki riƙe rigar sanyi, don sama akwai sanyi kamar na hunturu.

Bayan kamar awa guda sai ga mu cikin wani ƙaton kwari, katangar dutse ta zagaye shi, a gefe kuma Pico do Fogo ya miƙe, tsayinsa mita 2,829, ba abin da ya kai shi a ƙasar. Sunan kwarin Cha das Caldeiras, kuma a cikinsa mutane suke kwana suna tashi.

Dutsen ya yi amai a 1951, ya sake a 1995. Ranar 23 ga Nuwamba 2014 ya kuma buɗe baki, bai yi shiru ba sai Fabrairun 2015. Narkakken dutse ya gangaro sannu a hankali ya haɗiye ƙauyukan Portela da Bangaeira, gidaje da makaranta da hanya. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Har yanzu kina iya hango rufin wasu gidajen yana leƙowa daga cikin baƙin dutse. Gwamnati ta kwashe mutanen zuwa gangare, amma ba a daɗe ba suka fara komowa, wasu ma kan dutsen suka yi gini tun bai gama hucewa ba, daɓen ɗaki da ɗumi.

Za ki ce me ya yi zafi haka? Tokar dutsen ita ce arzikinsu. Suna haƙa rami a cikinta su dasa inabi, tufa da rumman, kan gangaren arewa kuma kofi. Ruwan sama suke tarawa a tanki. A ƙasar da fari ya kashe dubban mutane a shekarun 1940, gona mai albarka ba abin saki ba ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne matan. 'Yan Cape Verde da ke waje sun fi na gida yawa, kuma mazan Fogo da dama suna Amurka neman kuɗi. Mace ce gona, ita ce kasuwa, ita ce tarbiyyar yara, tana jiran wayar maigida shekara da shekaru. Wannan bege suna kiransa sodade, shi ne ya cika waƙoƙin marigayiya Cesaria Evora, wadda ta rasu a 2011. 'Yan mata, kafin ki amsa wa mai cewa zai tafi ya dawo, ki tambayi zuciyarki ko za ta iya wannan jira.

Sai gargaɗi ɗaya. Abincinsu kacupa, masara da wake, sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Ki tambaya tukuna, ko ki ce a yi miki da kifi. Inabin ma ɗanye za ki ci, don yawancinsa giya suke yi da shi.

Mu haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.