Dutsen Zoben Baba

Ni mutumin Ƙanƙara ne, ko kuwa in ce zama ne ya mai da ni haka, don asalinmu wani ƙauye ne tsakanin Faskari da Sabuwa. A daminar 2020 ɓarayin daji suka tashe mu, muka fito da dare, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Sai da gari ya waye muna bakin titi Baba ya duba yatsansa, ya ga zoben azurfar da ya gada wurin kakanmu yana nan, amma dutsen da ke kansa ya faɗi. Dutse ne ruwan zuma, kakan ya zo da shi daga Makka. Baba bai ce komai ba. Shanu sun tafi, rumbu ya ƙone, wa zai yi kukan dutse? Amma bai cire zoben ba, ya ci gaba da sa shi da raminsa fayau, ni kuwa duk sa'ad da ya ɗaga hannu yana addu'a sai idona ya faɗa cikin ramin nan.

Da na shiga jami'a na ƙudurta sai na cike shi. Na yi ta tsimi daga ɗan kuɗin abinci har na tara naira dubu 12. A wani hutu na haɗu da wani dillali a tashar mota, da ƙunshin duwatsu cikin tsumma. Ya zaro wani rawaya mai walƙiya, ya rantse daga dajin Birnin Gwari aka haƙo shi, wai Turawa ma nemansa suke. Na biya dubu 8 ina murna na yi wayo.

Abokin ɗakina ilmin ma'adinai yake karantawa, ɗan Jos ne. Da na nuna masa, sai ya ɗora dutsen a kumatunsa, ya leƙa shi da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu sau 10, sa'an nan ya miƙo mini ya ce in duba. Na ga 'yan ƙwayoyin iska kamar kumfar sabulu a ciki. Ya ce, "Malam Bahaushe, kwalba ka saya." Ya goga shi a gilashin taga, ko alama bai bari ba. Ashe ƙarau ne aka rina. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Shi ya zaunar da ni ya karanta mini abin da ya kamata in sani tun kafin in sa hannu aljihu. Dutsen da nake nema sunansa sitirin, daga kalmar da Faransawa ke kiran lemon tsami da ita. Ba wani baƙon abu ba ne, dangin farin dutsen nan ne mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara, wanda muka taso muna tuntuɓe da shi a gona. Ɗan burbushin ƙarfe da ke cikinsa shi ke ba shi launin rawaya. A ma'aunin taurin duwatsu, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, yana kan 7, gilashi kuwa wajen 5 da rabi, shi ya sa na gaske yake karce taga. Yana kuma da sanyi a fata, ba ya saurin ɗaukar ɗumin hannu kamar kwalba.

Nan fa abin ya tsaya mini a rai, ni da nake nazarin Hausa. Muna da lu'ulu'u da yaƙutu da zumurrudu da murjani, duk aro daga Larabci, duk kuma mun fi jinsu a wa'azi da tatsuniya. Amma duwatsun da samarinmu ke shiga rami su fito da su, ba mu raɗa musu suna ba, kowanne "dutse" ne. A Ƙanƙara ana haƙar farar ƙasa ana lodin ta zuwa masana'antu, kaɗan ne cikin masu haƙar za su gaya maka abin da ake yi da ita. Wanda bai san sunan hajarsa ba, yaya zai yi mata kuɗi? Haka ake cutarmu in mun zo sayarwa, ga shi an cuce ni da na zo saye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce yawancin sitirin da ke kasuwannin duniya gasasshe ne. Akwai ɗan'uwansa mai launin shuni, ana ce masa ametis, ana samunsa jibge a kudancin Birazil. In aka sa shi a wuta ya kai zafin digiri 400 zuwa 500, sai ya juye rawaya ko ja-ja kamar ƙonannen sukari, launin kuma ya zauna. Wanda Allah ya halitta da rawayarsa kaɗan ne, launinsa bai cika kauri ba, kuɗinsa ya fi. Akwai kuma tofaz, da ake samu a ƙasar Jos, wanda akan rikita su. Shi taurinsa 8, kuma in girmansu ɗaya ya fi nauyi a tafin hannu.

Hutun da ya biyo, bayan na sake tara dubu 10, na bi shi Jos, don na daina cinikin biri a sama. Ya kai ni wurin wani dattijo mai yankan duwatsu. Dattijon ya zube guda 6 a kan farar takarda, ya ce mu fito waje, ba a zaɓen launi a hasken lantarki. Ya koya mini in juya dutse in ga ko launin ya game ko'ina, in duba tsaga ko gajimare a ciki, sa'an nan in ɗora shi a kan rubutu. In ana karanta baƙaƙe ta tsakiyarsa, yankan bai yi zurfi ba, ba zai mai da haske ba. Biyu suka faɗi a nan. Na ɗauki wani mai nauyin karat 3, wato giram 0.6, na ce, "Baba, wannan halittarsa ke nan?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Gasasshe ne, yaro, daga Birazil. Na halitta ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta." Wannan magana ita ta sa na saya. Da ya rantse mini, da na ajiye.

Wani maƙerin farfaru a Funtuwa ya ɗaura shi, bayan Inna ta ɗauko mini zoben da dabara, wai za a wanke. Bayan sallar magariba na durƙusa na miƙa wa Baba. Na yi ta shawara a hanya ko in yi shiru, amma na kasa. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba irin na Kaka ba ne. Wannan gasa shi aka yi ya zama haka."

Ya daɗe yana juya shi kusa da fitila. Can ya ce, "Na kakanka ai ƙarau ne. Riyal biyu ya saye shi a bakin Harami, shi da kansa ya gaya mini." Ya zura zoben a yatsa, ya murza shi ya zauna daidai, ya tambaye ni nawa na kashe. Na rage rabi na faɗa masa, duk da haka sai da ya yi mini faɗa.