Kwamfutar Kawu

Kwamfutar da marigayi kawuna ya bar mini ta girmi ƙanwata. A cikinta ya adana aikin da ya yi lokacin da yake koyarwa a Yekuwa: tatsuniyoyin tsofaffin garin da ya kwafe daga kaset, da jerin kalmomin karin harshenmu a manhajar Shoebox, kowace kalma da alamar karin sautinta. A kan wannan taska na gina kundin digirina na biyu.

Cikin bazarar bara ta fara mutuwa da kanta. Wani mai gyara kusa da kasuwar Dole a Damagaram ya buɗe ta, ya nuna mini waɗansu ƴan gwangwanaye a kan babban allonta. Kawunansu sun kumbura, ɗaya har ya tsattsafo da wani abu mai kama da tsatsa. Su ne kafasita, masu daidaita wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar na'ura. Daga baya na karanta cewa tsakanin 1999 da 2007 an cika kasuwannin duniya da irinsu masu gurɓataccen sinadari, kuma ƙarin zafi na digiri 10 yakan rage rabin kwanansu. Wanda ya san Afrilun Damagaram ba zai yi mamaki ba.

Ya ce in sayi sabuwa, na saya. Sai dai ba ta da gurbin tsohon faifan IDE, sai da na nemo wayar haɗi kafin na kwashe fayilolin. A nan asalin matsalar ta bayyana. Kawu ya yi rubutunsa da salon haruffan da aka ƙera kafin Unicode ya yaɗu, wanda ke aron gurbin wata alama ya ɗora ƙ ko ɗ a kai. A sabon allo ƙafa ta rasa harafinta na farko, alamomin karin sauti suka watse, su kuwa ne jigon nazarina.

Ana iya juya rubutun zuwa Unicode, amma ban yarda da juyin da ban gwada shi da asali ba, layi bayan layi, yadda kawu ya gan shi. Na koma wurin mai gyara, ya cire kafasita shida, ya liƙa sababbi da dalma, yana yi mini dariyar kashe kuɗi a kan gawa.

Yanzu da asuba kaɗai nake kunna ta, kafin gari ya ɗau zafi, sabuwar na gefenta. Na kai harafin M.